Labari da Farashi: Darasi daga Zinariyar Birnin Gwari

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kasuwa da niyyar sayen abin da zai ajiye domin ya sami riba a gaba, ko hatsi ne, ko sa, ko fili, ko hannun jarin kamfani, akwai ciniki biyu a gabansa. Na biyun shi ne wanda kowa yake gani, watau taya haja da biyan kuɗinta. Na farkon kuwa a zuci ake yinsa tun kafin a kai ga rumfa, shi ne mutum ya yanke shawarar abin da zai wahala ya bincika game da hajar, da abin da zai bari ya dogara ga faɗar mutane. Wannan ciniki na farko shi ne abin da wannan lacca za ta yi magana a kai. Manufarta ita ce ta nuna cewa farashin kadara ba ya ɗauke da wani sani sai wanda wani mutum ya kashe kuɗinsa ko ƙarfinsa ya samo, kuma kasuwa takan tsaya ne a wurin da ladan bincike ya yi daidai da wahalarsa.

Masana ilmin tattalin arziki sun fi yin wannan bayani da misalin manyan kasuwannin hannun jari na Turai da Amurka. Amma al'amarin ya fi fitowa fili a wuri irin Birnin Gwari, domin a can abin da ake zuba jari a kansa yana ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya kaiwa, hanyar zuwa wurinsa kuma ta yi shekaru tana da haɗari. Inda sani ya yi tsada, nan ne ake ganin ƙimarsa sosai.

Ƙasar da arzikinta

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga garin Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. Babbar hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Buruku ta ratsa ta zuwa Tegina, wata kuma ta sauko daga Funtuwa. Ƙasa ce ta noman masara da dawa da kiwon shanu, tana da babban daji, wanda wani ɓangarensa, watau dajin Kamuku, ya zama gandun daji na Gwamnatin Tarayya a shekarar 1999. A ƙarƙashin wannan ƙasa akwai jijiyoyin farin dutse masu ɗauke da zinariya, musamman a wajen Tsohon Birnin Gwari da Kwaga, akwai kuma garinta da ruwa ya wanko ya zuba a cikin rairayin rafuka.

Tarihin haƙar zinariyar nan shi kansa darasi ne. An fara haƙar zinariya a Nijeriya ta hanyar da hukuma ta rubuta tun wajen 1913, amma aikin bai bunƙasa ba sai bayan 1931. A watan Satumba na wannan shekara Ingila ta raba kuɗinta da ma'aunin zinariya, farashin zinariya da fam ya tashi. A 1934 kuma Amurka ta ɗaga farashin oza ɗaya daga dala 20.67 zuwa dala 35. A daidai lokacin kasuwar kuza ta faɗi, aiki ya yi ƙaranci a tsaunukan Jos. Saboda haka Turawan haƙa da leburorinsu suka bazu cikin ƙasashen Minna da Birnin Gwari da Zamfara suna neman zinariya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsananta, Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta karkatar da ma'aikata zuwa Jos, haƙar zinariya ta durƙushe. A cikin dukan waɗannan shekaru dutsen bai ƙaru ba, ƙimarsa ce take hawa tana sauka bisa ga labarin da yake zuwa daga Landan.

Farashi mai ɗauke da labari

Leburan da ya bar Jos ya nufi Birnin Gwari a 1934 bai san kome ba game da shawarar da aka yanke a Washington. Abin da ya sani kurum shi ne an ce a can ana biya fiye da nan. Wannan shi ne abin da Friedrich Hayek ya bayyana a wata maƙala da ya buga a 1945. Ya nuna cewa sanin da tattalin arzikin ƙasa yake buƙata ba a tare yake a kan mutum ɗaya ko ofis ɗaya ba, a warwatse yake a hannun dubban mutane, kowa da guntunsa. Farashi shi ne yake tattara guntayen nan ya mai da su lamba guda, wadda take isa ga wanda bai san dalili ba, ta sa ya yi abin da ya kamata kamar ya sani.

A 1970 Eugene Fama ya tsara wannan tunani game da kasuwar hannun jari, ya ce a kasuwa mai inganci farashi yakan haɗiye duk labarin da ke akwai, har ya zama ba mai iya cin riba ta musamman da labarin da kowa ya riga ya ji. Bayan shekara goma, a 1980, Sanford Grossman da Joseph Stiglitz suka tayar da wata tambaya mai wuya. Suka ce in farashi yana faɗin kome, don me wani zai kashe kuɗinsa wajen bincike, alhali yana iya duban farashi kyauta? In kuwa kowa ya daina bincike, daga ina farashin zai sami abin da zai faɗa? Amsar da suka bayar ita ce kasuwar da farashinta ya san kome ba za ta yiwu ba. Tilas a bar ɗan duhu a cikinta, gwargwadon abin da zai biya mai riƙe da fitila.

Labari iri uku

Kafin a gwada wannan magana da lissafi, ya kamata a san wane ne mai zuba jari a dajin Birnin Gwari. Yawancin haƙar da ake yi a irin waɗannan wurare ta hannu ce, da diga da shebur da guduma, sa'an nan a kai dutse injin niƙa, a wanke garin a kwano, a kama zinariyar da zaiba. Masu haƙa ba su da abin ci da kansu har rami ya kai ga jijiya. Saboda haka akan sami mai kuɗi ya ɗauki nauyin abincinsu da kayan aiki da man injin janye ruwa, bisa sharaɗin zai sami kaso, ko kuwa shi za a sayar wa abin da aka samu. Wani kuma yakan sayi buhunan dutse tun ba a niƙa ba. Wani yakan tsaya a sayen zinariyar da aka riga aka wanke, ya kai wa manyan dillalai a birane, daga nan mafi yawanta ta bi hanyar Dubai.

Kowane ɗayansu yana buƙatar labari iri uku, kuma tsadarsu ba ɗaya ba ce. Na farko shi ne farashin zinariya a duniya, wanda ake tsayarwa a Landan sau biyu a kowace ranar aiki, a kan oza mai nauyin giram 31.1. A da wannan labari sai Bature mai waya da jarida. Yanzu duk mai wayar hannu yana iya ganinsa, ya san cewa oza ta wuce dala 2,000 a Agustan 2020, ta wuce dala 3,000 a Maris na 2025. Na biyu shi ne abin da ke cikin ramin ko buhun, da kuma tsarkin zinariyar da aka miƙo. Wannan sai an je, an ɗebi dutse daga wurare dabam dabam, an niƙa, an wanke, an auna, ko an biya ƙwararre ya yi. Na uku shi ne halin hanya da na daji: ko za a fito da kaya lafiya, ko wanda yake da iko da wurin yau shi ne zai kasance gobe. Wannan ba a sayensa a ɗakin gwaji, sai ta hanyar zama da mutane da daɗewar amana.

Mutum ɗaya ba ya iya mallakar ukun duka, domin kuɗi da lokaci da hankali suna da iyaka. Binciken da Laura Veldkamp da Stijn Van Nieuwerburgh suka buga a 2009 ya nuna cewa mai zuba jari yakan fi samun riba idan ya ƙara zurfafa a cikin abin da ya riga ya fi saura sani, maimakon ya bazu a kan kome. Da wannan suka bayyana dalilin da ya sa mutane suke tara jarinsu a kamfanonin ƙasarsu. Shi ne kuma dalilin da ya sa ɗan ƙasa yake zuba ɗan abin da yake da shi a ramin da ya sani, babban attajirin Legas kuwa, wanda ya san farashin Landan sarai, yana tsoron zuwa. Jari yana wuri ɗaya, sani yana wani wuri.

Yadda kasuwa take daidaita

A ɗauka, alal misali, ana sayar da kason ramuka a wani fagen haƙa. Rabin ramukan masu albarka ne, kowanne zai ba da abin da ya kai naira miliyan 10. Sauran rabin marasa ƙarfi ne, ba za su wuce miliyan 2 ba. Daga sama duk kamarsu ɗaya. Idan ba wanda ya gwada, mai saye ba zai biya fiye da matsakaicin biyun ba, watau miliyan 6, kuma kowane rami a kan haka za a sayar da shi, mai kyau da maras kyau.

To, sai wani ya ce shi ba ya cinikin biri a sama. Ya biya miliyan 1 aka gwada masa rami kafin ya taya. In gwaji ya nuna maras ƙarfi ne, sai ya wuce, ya yi hasarar kuɗin gwaji. In ya nuna mai albarka ne, sai ya saya a miliyan 6, ya sami rarar miliyan 4. Tun da yake rami ɗaya cikin biyu ne yake fitowa da kyau, kowane gwaji biyu suna cin miliyan 2, su kawo miliyan 4. Riba ta tabbata.

Riba kuwa ba ta ɓoyuwa a kasuwa. Waɗansu za su bi sahunsa, su ma su riƙa gwaji. Masu gwaji za su yi ta haɗuwa a kan ramuka masu kyau suna ƙara wa juna kuɗi, farashinsu ya tashi zuwa miliyan 7, na marasa ƙarfi ya sauka. Ta haka sanin da aka saya a ɓoye yake shiga cikin farashi a bayyane. Amma tashin yana da iyaka. Sa'ad da rami mai kyau ya kai miliyan 8, rarar da ke cikinsa miliyan 2 ce, daidai da kuɗin gwaji biyu. Daga nan ba sabon mai gwajin da zai shigo, domin ba abin da zai samu. In farashi ya wuce haka, waɗansu za su daina gwaji, ya komo. Wannan matsayi shi ake kira daidaituwar kasuwa. Abin lura a nan shi ne farashi ya tsaya a 8, bai kai 10 ba. Tazarar da ta rage ita ce ladan masu bincike. In kuɗin gwaji ya sauka zuwa rabin miliyan, farashi zai matsa zuwa 9. In ya hau zuwa miliyan 2, ba mai gwaji ko ɗaya, kowane rami ya koma 6. Watau kusancin farashi da gaskiyar kadara yana rataye ne a kan tsadar sani.

Abin da ke rufa wa mai sani asiri

Mai hankali zai tambaya, me zai hana wani ya zauna a gindin bishiya, ya ga ramin da ya kai miliyan 8, ya saye shi ba tare da ya biya kuɗin gwaji ba? Lalle da farashi ba ya motsi sai da dalilin gwaji, da haka kowa zai yi, da kuma bincike ya mutu. Abin da ya hana shi ne farashi yana motsawa saboda dalilai da yawa waɗanda ba su shafi abin da ke cikin ramin ba. Wani yakan sayar da kaso mai kyau da araha domin bashi ya taso masa, ko rashin lafiya, ko aurar da 'ya. A shekarun da satar mutane ta addabi wannan yanki, iyalai da dama sun sayar da hatsi da shanu da gonaki cikin gaggawa domin su haɗa kuɗin fansa. Wani kuma yakan sayi rami maras amfani da tsada domin ya ji jita-jita. Saboda haka mai kallon farashi kurum ba ya iya rarrabewa ko tashin da ya gani na sani ne ko na ruɗu ne, ko faɗuwar ta aibi ce ko ta matsi.

Wannan hayaniya ita ce take rufa wa mai bincike asiri har ya ci ribar wahalarsa. Daga nan ne kuma wata gaskiya mai ɗaci take fitowa: ribar mai sani daga aljihun wanda larura ta tilasta, ko wanda jita-jita ta ɗauka, take fita. Gwargwadon yawan masu sayarwa bisa tilas, gwargwadon faɗin tazarar da ke tsakanin farashi da ƙima.

Sa'ad da mai sayarwa ya fi sani

Har yanzu an ɗauka cewa mai rami shi ma bai san abin da ke ciki ba. Sau da yawa ba haka ba ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1970 George Akerlof ya yi bayanin abin da yake faruwa a irin wannan hali, da misalin cinikin tsofaffin motoci. In mai saye bai iya rarrabe mai kyau da maras kyau ba, zai taya matsakaicin kuɗi. Mai kaya masu kyau zai ga an raina hajarsa, ya janye. Abin da ya rage a kasuwa ya ƙara lalacewa, mai saye ya ƙara rage tayi, har kasuwar ta koma ta tarkace ko ta mutu. A misalin da ya gabata, mai ramin miliyan 10 da ya san ramin nasa ba zai saki a 6 ba, sai marasa ƙarfi kaɗai su fito, farashi ya gangara zuwa 2. Haka kuma inda ake gauraya garin zinariya da na tagulla, mai zinariya tsantsa shi ne yake biyan laifin mai algus. Wannan bincike yana cikin abin da ya sa aka ba Akerlof da Stiglitz da Michael Spence lambar Nobel a 2001.

Kasuwannin ƙasar Hausa sun san wannan cuta tun da daɗewa, sun kuma yi mata magani. Dillali da maigidan fatake suna sayar da saninsu da sunansu ne, la'ada kuwa kuɗin wannan sani ce. Abner Cohen, a littafin da ya buga a 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro na bashi ya dogara ga masu gida waɗanda suka san wane mahauci ne yake biya, wane ne ba ya biya. Shari'ar Musulunci ma ta hana ɓoye aibin haja, ta hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin gari, ta hana mutum ya taya abin da ba shi da niyyar saye domin ya ruɗi wani. Har a kan ƙasar zinariya malaman Malikiyya sun yi magana. A cikin Muhtasar na Halil an hana sayar da sharar maƙerar zinariya, amma an halatta sayar da ƙasar mahaƙa, masu sharhi suka ba da dalili cewa ita masu sani suna iya ƙiyasta abin da ke cikinta. Ma'aunin da suka yi amfani da shi, watau ko ana iya sanin abin ko ba a iyawa, shi ne dai wanda masana na wannan zamani suka komo kansa.

Idan kowa ya nemi labari ɗaya

Labari yana da wata ɗabi'a wadda hatsi ba shi da ita. Samo shi da fari yana da tsada, amma yaɗa shi kusan kyauta ne. Saboda haka labari mafi araha shi ne wanda kowa yake ji, kuma mutane sukan taru a kansa. Da an ce wane ya fasa jijiya a wuri kaza, sai a wayi gari daji ya cika, kuɗin kaso da na abinci da na ƙwadago su tashi, alhali ba a ƙara gwada ko buhu ɗaya ba. Mutum ɗari da suka ji magana daga baki ɗaya shaida ɗaya ce, amma farashi yakan ƙirga su kamar ɗari.

Manyan kasuwanni ma ba su tsira ba. Kamfanin Bre-X na ƙasar Kanada ya yi shelar ya gano zinariya mai ɗimbin yawa a Busang ta ƙasar Indunusiya, ƙimar hannun jarinsa ta kai kimanin dalar Kanada biliyan 6, kowa yana saye domin ya ga waɗansu suna saye. A 1997 wani kamfani ya haƙa nasa ramukan gwaji a wurin, bai sami abin kirki ba, aka gano cewa barbaɗa zinariya ake yi a cikin samfurin dutsen kafin a kai ɗakin gwaji. Dukiyar dubban mutane ta salwanta.

A 2016, a wajen taron masu zuba jari a Kaduna, gwamnan jihar na lokacin, Malam Nasiru el-Rufa'i, ya ce zinariyar Birnin Gwari ta fi ta Afirka ta Kudu yawa. Maganar ta cika jaridu, amma babban jari ba ya tashi da magana, ko daga bakin wa ta fito. Abin da banki yake nema shi ne sakamakon ramukan gwaji masu zurfi, da lissafin giram nawa ke cikin kowane tan na dutse, wanda wani ƙwararre mai zaman kansa ya sa wa hannu. Mahaƙar Segilola ta Jihar Osun, wadda ta fara fitar da zinariya a 2021, ta sami rancen gina ta ne bayan shekaru ana irin wannan gwaji. Gani ya kori ji.

Sa'ad da labari ya yanke

Rashin tsaro haraji ne a kan sani. Yana hana masanin duwatsu shiga daji, yana hana mai saye na biyu da na uku zuwa su yi gasa da na farko. A 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna, a ƙoƙarinta na toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya da labari, ta dakatar da kasuwannin mako a Birnin Gwari da waɗansu ƙananan hukumomi, sa'an nan aka katse layukan waya daga ƙarshen Satumba har zuwa ƙarshen Nuwamba. Dalilin na tsaro ne, amma ranar kasuwa da wayar hannu su ne hanyoyi biyu da talaka yake jin farashi.

Ana iya auna nauyin wannan da binciken da Jenny Aker ta yi a Jamhuriyar Nijar. Ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar hannu take shiga gari bayan gari, ta tarar bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari inda waya ta isa, kuma amfanin ya fi yawa a kasuwannin da suke nesa da juna. Abin da shigar waya ta rage, yankewarta tana iya komo da shi. Manomin da ya ajiye masara yana jiran bazara shi ma mai zuba jari ne. In bai ji abin da buhu yake yi a Funtuwa ko Dawanau ba, sai ya karɓi abin da mai mota ɗaya da ya iso ƙauyensu ya taya. A Nuwamban 2024, bayan sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari wadda ta yi kimanin shekara goma a rufe. A cikin waɗannan shekaru mai sa a yankin ba shi da wurin da masu saye da yawa za su taya shi a gaban juna.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ma'aikacin hukuma yana iya fitar da ƙa'ida mai sauƙi. Aikin gwamnati a nan shi ne ta rage tsadar sanin da kowa yake buƙata, ta bar wa ɗan kasuwa ladan sanin da ya wahala ya samo da gaskiya. Tsayar da farashi da doka ba ya ƙara wa kowa sani, sai dai ya kori ciniki zuwa bayan fage.

Sanin da ya kamata ya zama na kowa ya haɗa da taswirar ma'adinai da sakamakon gwaje-gwajen da hukumar binciken ƙasa, wadda aka kafa tun 1919, ta tara; da rajistar lasisi ta ofishin da dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa wannan aiki, domin mai jari ya san wane ne yake da haƙƙin wane fili; da sikeli da wurin gwajin tsarkin zinariya waɗanda mai saye da mai sayarwa suka amince da su; da shelar farashin zinariya da na hatsi a rediyo da Hausa. Akwai kuma sanin da ba ɗan kasuwar da zai saya, domin hasararsa a kan wani take faɗawa. A 2010 gubar dalma da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa dutsen a cikin gidaje. Farashin buhu bai faɗi kome game da dalma ba, domin ba wanda ya biya a gwada ta. Irin wannan gwaji in hukuma ba ta yi ba, ba mai yi.

Ga ɗalibi kuma, duk sa'ad da ya ga farashin wata kadara, ko ta daji ce ko ta kasuwar hannun jari ta Legas, akwai tambayoyi uku da ya kamata ya yi kafin ya gaskata shi: wane ne ya bincika, nawa binciken ya ci masa, kuma mutum nawa ne suke saye da sayarwa bisa tilas ko bisa ji kawai? Amsoshinsu su ne za su gaya masa ko farashin yana kusa da gaskiyar kadarar ko yana nesa da ita.